Yadda ake wasa da farin fentin akirilik a littafin zane, tun daga shafin gwaji

Duk wanda ya jima yana ajiye littafin zane, wato irin littafin nan da mutum ke haɗa rubutun abun da ke ransa da fenti da liƙe-liƙen takardu a shafi ɗaya, ya san cewa tub ɗin farin fenti shi ke fara ƙarewa. Ja da shuɗi sai su shekara suna nan, amma fari kullum a matse yake har wuya. Mutane da yawa kuma sun ɗauka aikinsa kawai rufe kuskure ne, an ɓata wuri sai a dangwala fari a kai shikenan. Ni gaskiya ban yarda da haka ba. A wurina fari shi ke yanke hukunci a shafi, shi ke cewa wannan ya fito gaba, wancan ya koma baya, wancan kuma a bar shi ana hango shi dishi-dishi. In kun iya sarrafa kaurinsa, daga lulluɓi mai shara-shara har zuwa rufi ruf, toh kun samu rabin aikin littafin nan. Bari in bi da ku yadda nake yi daki-daki.

Da farko ku san wane fari ne a hannunku

Fari ba ɗaya ba ne. Ku juya tub ɗin ku duba ƙananan rubutun da ke jiki, zaku ga wata lamba. In kun ga PW6 toh farin taitaniyam ne, shi ne mai ƙarfin rufi, shafa ɗaya ko biyu ya haɗiye abun da ke ƙasa. In kun ga PW4 farin zinki ne, shi kuma shara-shara ne, ana ganin abun da ke bayansa, kuma in an haɗa shi da wata kala baya kashe ta da sauri. Wasu kamfanonin suna haɗa biyun a tub ɗaya, zaku ga lambobin duka a jere. Farin zinki ya girmi taitaniyam a hannun masu zane, tun 1834 kamfanin Winsor & Newton na Ingila ya fito da shi a fentin ruwa, shi kuwa taitaniyam sai wajen shekarun 1920 ya yaɗu, kafin nan farin dalma aka fi dogara da shi, mai guba. Akirilik ɗin da muke surkawa da ruwa, wato fentin da in ya bushe yake komawa kaman roba, ma ba wani tsohon abu ba ne, a tsakiyar shekarun 1950 aka fara sayar da shi a Amurka da sunan Liquitex. In tub ɗaya kawai zaku iya saya, ku ɗauki taitaniyam, domin shi kuna iya tsinka shi ya yi shara-shara, amma zinki duk yadda kuka lafta shi ba zai yi rufin taitaniyam ba.

Bayan nan sai maganar kauri. Akwai mai kauri kaman man goge baki, wanda ke riƙe sawun burushi, akwai mai ruwa-ruwa da ke zuwa a kwalba, akwai kuma wanda ya tsinke kaman tawada. Sai jeso, wato fentin share fage da ake shafawa kafin a fara zane, wanda shi ma fari ne kuma ɗan gidan akirilik ne, sai dai an zuba masa alli shi yasa in ya bushe yake da ɗan kaushi, baya sheƙi, fensir da alƙalami suna kama shi da kyau. Fenti mai araha da ake sayarwa don ƴan makaranta yana da ƙarancin garin kala a ciki, sai kun shafa sau uku kafin ya rufe, amma kar ku raina shi, a aikin lulluɓi ni na fi son shi ma.

Kayan aiki ba su da yawa. Littafi mai takarda mai kauri, daga giram 200 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, in ta gaza haka zata yi ta lanƙwashewa da zarar ta ji ruwa. Burushi mai faɗi mai gashin roba guda ɗaya da ƙarami mai tsini guda ɗaya, tsohon katin roba da aka daina amfani da shi, guntun soso, tsohon burushin goge baki, tsumma, faranti na matsa fenti, kilif biyu na riƙe shafi, da kofin ruwa guda biyu. Biyu fa na ce, ɗaya na wanke burushi ɗaya na surka fari kaɗai, saboda fari baya da haƙuri ko kaɗan, ruwan da ya ɗan canza kala in ya taɓa shi nan take zai nuna. Sai wata takarda mai santsi da zaku riƙa sakawa a ƙarƙashin shafin da kuke aiki don kar fenti ya zarce bakin sauran shafukan.

Mataki na farko, shafin gwaji

Wannan shi ne wanda kowa ke tsallakewa kuma shi ne ya fi komai amfani. Ku buɗe shafin ƙarshe na littafin, ku kwaso duk wani abun rubutu da kuke da shi, fensir, biro baƙi da ja da shuɗi, maka wato alƙalamin nan mai kaurin baki, tawadar hatimi, fentin ruwa, kireyon, ku ja layi a kwance da kowanne daga wannan gefen shafin zuwa wancan, ku rubuta sunansa a bakin layin. Ku ƙara layi ɗaya mai faɗi na baƙin akirilik, ku liƙa guntun jarida mai rubutu a ƙasa. A bari komai ya bushe sosai.

Yanzu sai ku ratsa su da farin fenti a tsaye, daga sama har ƙasa, layi biyar. Na farko kai tsaye daga tub ba ruwa. Na biyu fenti kashi ɗaya ruwa kashi ɗaya. Na uku fenti ɗaya ruwa uku. Na huɗu da busasshen burushi wanda aka goge yawancin fentinsa a tsumma. Na biyar jeso in kuna da shi. Ku rubuta a saman kowane layi abun da kuka yi, domin wallahi bayan sati biyu ba zaku tuna ba, sannan ku tashi ku bar shi kaman minti talatin.

In kun dawo zaku ga abubuwa biyu. Na ɗaya, farin ya rage ƙarfi, wurin da kuka bari fari tas yanzu ana hango baƙin layin a ƙasa. Dalili shi ne ruwan ƙaron da ke riƙe da garin kalar fari-fari yake lokacin da yake da danshi, in ya bushe sai ya koma garau kaman gilas, kuma fentin yana ɗan tsukewa in ruwansa ya fita, don haka duk abun da kuka gani a jiƙe ku rage masa kaɗan a ranku. Na biyu kuma shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki, wasu layukan sun huda farin sun fito sama. Makar da ke jin ruwa da tawadar hatimi irin wadda ake yi da rini zasu narke su haura cikin fentin, sai ku ga farinku ya koma ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi, kuma ko kun ƙara shafa na biyu da na uku sai ta sake biyowa. Na taɓa rubuta wata magana mai nauyi da jar maka, na rufe ta da fari don in binne ta, washegari na buɗe na tarar da ita tana kallona a ruwan hoda, abun ya tsaya min a rai, amma daga ranar na san waɗanne alƙalumana ne ke hudowa, kuma yanzu da gangan nake amfani da su in ina son fari mai ɗan jini a jika. Fensir ma yana ɗan dama fari ya yi toka-toka in aka goga da ƙarfi, kireyon kuwa kakinsa baya son ruwa, siririn fari zai yi ta tsattsagewa a kansa. Wannan shafin ku ajiye shi, shi ne madubinku duk lokacin da zaku fara sabon aiki.

Mataki na biyu, a cika shafi tukuna

Fari a kan farar takarda ba shi da abun faɗa, sai an ba shi abun da zai rufe. Don haka ku buɗe sabon shafi ku cika shi ba tare da dogon tunani ba. Ku rubuta abun da ke damunku ko abun da ya faranta muku rai, manyan baƙi, ku juya littafin ku sake rubutu a kan na farko. Ku liƙa guntayen takardu, tsohuwar taswira, shafin littafin da ya yage, takardar naɗe kaya mai zane. Ku shafa kala biyu ko uku, masu ƙarfi, har da mai duhu guda ɗaya, saboda duk inda babu duhu fari ba zai haska ba. Shafin zai yi hayaniya, zai ma iya yi muku muni, hakan ake so a wannan gaɓar. Abu ɗaya da zan roƙe ku, ku liƙe bakin takardun da kyau kuma ku bari ya bushe ƙarau kafin ku ɗauko fari. In kuka yi gaggawa farin zai kwashi kalar da ke ƙasa ya zama wani laka-laka, kuma daga nan gyara sai a hankali. Ku taɓa da bayan hannu, in kun ji sanyi toh da sauran ruwa a ciki.

Mataki na uku, lulluɓi

A nan wasan yake farawa. Ku surka fari da ruwa kaman na layi na uku a shafin gwajinku, ku ɗauki burushi mai faɗi ku shafa a wani sashe na shafin, kar ku bi ko'ina, kaman kashi biyu cikin uku ya isa. Kafin ya bushe ku ɗauki tsumma mai ɗan danshi ku dangwale wasu wurare, inda kuke son kalar ƙasa ta leƙo. Kuna da minti ɗaya ko biyu ne kacal, in iska a bushe take ma bai kai haka ba, akirilik baya jiran kowa, shi yasa nake yin rabin shafi in goge sannan in koma ɗaya rabin. In ya bushe ku ja baya ku kalla, zaku ga hayaniyar nan ta kwanta, abubuwan da ba su da alaƙa da juna sun zama ƴan gida ɗaya saboda hazo ɗaya ya lulluɓe su.

Gara siriri sau uku da mai kauri sau ɗaya. Kowane lulluɓi ku rage masa fili, na farko ya ci kashi biyu cikin uku, na biyu ya ci rabin wancan, na uku ɗan wuri kaɗan inda kuke son ya fi ko'ina haske, da haka zurfi ke samuwa, ido ya riƙa shiga daga fari tas zuwa dishi-dishi zuwa kalar da ba a taɓa ba. A kan takarda mai shan ruwa ba matsala ku tsinka fenti sosai, takardar zata riƙe shi, amma a kan abu mai santsi kaman hoton mujalla, fentin da ruwa ya yi wa yawa taruwa yake yi ɗigo-ɗigo kuma yana iya gogewa daga baya. A irin wannan wurin ko dai ku rage ruwa, ko ku surka da ruwan ƙaron akirilik mara kala da ake sayarwa daban, shi yana sa fenti ya yi shara-shara ba tare da ya rage masa kamu ba.

Mataki na huɗu, kati da karce

Ku matsa fari mai kauri kaɗan a bakin katin roba, ku ɗora a saman shafi ku ja ƙasa da ɗan ƙarfi, katin a karkace. Fentin zai bazu siriri, ya tsallake wasu wurare, ya taru a bakin takardun da kuka liƙa, ya ba da wani sawu da burushi ba zai taɓa bayarwa ba, kaman tsohon bango da fentinsa ya fara ɓarewa. Kuma wannan hanyar tafi kowacce saurin bushewa kuma bata jiƙa takarda. In kun kwantar da katin zai bar fenti da yawa, in kun miƙar da shi zai kankare kusan duka. Ja biyu ko uku ya isa, in kuka yi ta maimaitawa a wuri ɗaya sawun zai mutu ya koma shafe.

Sai karce. Ku shafa fari da ɗan kauri a kan wuri mai duhu da ya riga ya bushe, tun yana jiƙe ku juya burushi ku yi rubutu da gindinsa, ko da tsinke, ko kusurwar katin. Kalar ƙasa zata fito a matsayin layin rubutun. Ku riƙa goge bakin abun karcen a tsumma bayan kowace kalma, in ba haka ba fentin da ya kwasa zai mayar cikin layin. Ina son wannan don kalma ɗaya ko biyu da nake so su zauna a cikin jikin shafin, ba a samansa ba.

Busasshen burushi kuwa ba sai na ja shi da nisa ba, ku taɓa fenti kaɗan, ku goge a tsumma har ku ga kaman ba komai, sannan ku share saman shafin da shi sama-sama. Duk inda ke da tudu, ƙunci a takarda, bakin liƙi, zaren ƙyalle, zai kama fari ya fito.

Mataki na biyar, sitensil ta fuska biyu

Sitensil ba dole sai na saya ba, ku yanka siffa a kwali mai ɗan tauri, ko ku samu guntun leshi ko raga. Ta fuskar farko, ku ɗora shi a shafi ku dangwala fari da soso. Sirrin kawai kar soson ya jiƙe, a taɓa fenti a rage a faranti, a yi ta dannawa sama da ƙasa, banda gogawa gefe, domin fenti mai ruwa ƙarƙashin sitensil yake shigewa ya ɓata bakin zanen. Kuma ba sai kun cike siffar duka ba, ku bari ta ɓace a hankali a gefe ɗaya, ta fi zama a shafi.

Fuska ta biyu ita ce na fi so. Ku shafa fari a wuri mai kala, tun yana jiƙe ku ɗora sitensil a kai, ku goge ta cikin ramukan da tsumma mai danshi, ku ɗaga. Yanzu zanen da kalar ƙasa ya fito, fari ya kewaye shi. In fentin ya riga ku bushewa kar ku fid da rai, ku ɗiga sifirit irin na goge ciwo a auduga ku goga, yana narkar da busasshen akirilik, sai dai a hankali don zai iya cin kalar ƙasan ma, kuma ku buɗe taga.

Mataki na shida, fito da siffa ta hanyar rufe kewayenta

In akwai abu ɗaya da nake so ku gwada a duk wannan bayanin toh wannan ne. Maimakon ku zana ganye ko tsuntsu ko fuska a kan shafi, sai ku nemo shi a cikin hayaniyar da kuka riga kuka yi. Ku zauna ku ƙura wa shafin ido, ku nemi wurin da kalolin suka fi yi muku kyau, wurin da zaku ji zafi in ya ɓace. Ku ɗauki alli ko fensir mai jin ruwa ku zana siffa mai sauƙi a kansa, ganye uku a reshe, tulu, gida, tafin hannunku ma ya isa. Daga nan sai ku ɗauki ƙaramin burushi da farin taitaniyam mai ɗan kauri ku fente wajen layin, ciki kar ku taɓa shi. Ku fara daga bakin siffar da kauri, kuna nisa kuna tsinkawa da ruwa har ya narke cikin sauran shafin.

Abun da zai faru yana da daɗin kallo. Wurin nan da bai da ma'ana ɗazu sai ya zama ganye mai ɗauke da guntun taswira da rabin kalma da ɗigon ja, irin adon da in da gangan kuka zauna yi ba zai fito haka ba. Wuyar kawai ita ce zuciya, domin dole ku rufe wasu wurare masu kyau don waɗanda kuka zaɓa su samu numfashi, kuma na san hannu yana nauyi a nan. Shawarata ku ɗauki hoton shafin da waya kafin ku fara, hankalinku zai kwanta. Shafa na farko kar ya rufe ruf, ku bari ya bushe ku gani, sau da yawa ɗan abun da ke leƙowa ta ƙarƙashin farin shi ke haɗa siffar da bayanta. In kun ga siffar bata fito sosai ba, ku ƙara fari na biyu a bakinta kaɗai, ko ku bi gefe ɗaya da baƙin fensir ku murza da yatsa ya zama inuwa. Kuskuren da na fi gani shi ne yin siffofi ƙanana da yawa, ku yi babba ɗaya da ƙanana biyu, ido ya san inda zai fara sauka.

Akwai kuma juyin wannan, wato fari ya riga kowa shiga. A kan farar takarda mai shan ruwa ku yi zane ko hatimi da farin akirilik, murfin kwalba ma yana ba da zobe mai kyau, ku bari ya bushe sarai, ba zaku ga komai ba sai kun karkata shafin a haske. Sannan ku bi kai da fentin ruwa ko tawada da aka tsinka. Takarda zata sha kalar, akirilik kuwa tunda roba ne ba zai sha ba, ku goge samansa da tsumma zanen ya fito fari tas. Da jeso wannan baya fita sosai saboda shi yana ɗan shan kala.

Mataki na bakwai, a ɗan ɓata farin

Farin taitaniyam kai tsaye daga tub sanyi gare shi, a shafin da ke cike da tsofaffin takardu masu ruwan ƙasa sai ya yi tsalle ya fito kaman baƙo. Ku taɓa masa rawaya mai ruwan ƙasa da bakin tsinke, kaɗan fa, zai yi ɗumi ya zauna lafiya. In shafin na shuɗi da toka ne ku taɓa masa shuɗi. Ƙa'idar haɗi kuma kullum a ɗebi kala a kai cikin fari, kar a ɗebi fari a kai cikin kala, in ba haka ba zaku ƙarar da rabin tub kafin ku samu hasken da kuke nema. Ku sani kuma fari baya haskaka kala kawai, yana kashe mata kaifi, ja in ya sha fari ruwan hoda yake komawa mai sanyi, in kuna son ya riƙe zafinsa sai kun ƙara ɗan rawaya. Ni fari tas nakan ajiye shi sai ƙarshe, in sa shi a wuri biyu ko uku kacal, a kan sauran fararen da aka ɓata sai ya yi ta walƙiya.

Mataki na takwas, yayyafi da rubutu

Ku tsinka fari har ya riƙa ɗiga daga burushi, ku tsoma burushin goge baki ku ja gashinsa da yatsa zuwa wajenku, fentin zai fantsama gaba, ƙananan ɗigo kaman taurari. In manya kuke so ku buga burushi mai fenti a kan yatsanku. Ku gwada a wata takarda tukuna, kuma ku rufe siffar da kuka wahala a kanta da guntun takarda. Kaɗan ya isa.

Rubutu shi ne ƙarshe kuma shi ke buƙatar haƙuri. Siririn akirilik yana bushewa a taɓa cikin minti goma zuwa ashirin, amma mai kauri samansa ne ke yin fata cikinsa da saura, in kuka ɗora alƙalami mai siririn baki zai kwashi fenti ya toshe, kuma da wuya ya dawo. Na yi asarar alƙaluma masu kyau a haka kafin in koyi barin shafi ya kwana. Makar fenti irin Posca tana hawa akirilik ba gardama, fensir mai laushi yana kama wurin da aka sa jeso, farin alƙalamin jel kuma a kan wurare masu duhu yake nuna kansa, ku ja shi a hankali ba tare da dannawa ba. In kuna busarwa da na'urar busar da gashi ku nisanta ta kuma ku riƙa motsa ta, zafi a wuri ɗaya yana sa fenti mai kauri ya yi ƙuraje. A ɗaki mai tsananin sanyi kuma, ƙasa da digiri 10, akirilik baya haɗe jikinsa da kyau, yana iya tsagewa.

Kafin ku rufe littafin

Akirilik ko ya bushe yana nan da ɗan laushi, musamman in ana zafi, shafi biyu masu fenti in suka haɗa fuska aka danne su sai su manne, ranar da kuka zo buɗewa ɗaya ya ɓare fatar ɗaya. Mai sheƙi ya fi yin haka, jeso bai cika yi ba. Ku bar littafin a buɗe ya kwana, sannan ku saka takarda mai santsi ko mai kaki a tsakani na ƴan kwanaki. In kun tabbata kun gama da shafin gaba ɗaya, ku goga masa farin kyandir sama-sama ku murje da tsumma mai laushi, mannewa ta ƙare, amma fa bayan kaki fenti da tawada ba zasu sake kamawa ba, don haka shi ne na ƙarshen ƙarshe. In shafin ya lanƙwashe, bayan ya bushe ku ɗora masa littattafai masu nauyi da takardar nan a tsakani, ko ku shafa siririn jeso a bayansa ya ja shi ya miƙe.

Burushi kar ku bari fenti ya bushe a gindin gashinsa, ku goge a tsumma tukuna, sannan sabulu da ruwa har kumfar ta fito ba fari, ku gyara bakinsa da yatsa ku kwantar. Ragowar fentin faranti kar ku wanke shi cikin magudanar ruwa, ku buɗe shafi na gaba ku shafe shi a can da kati, gobe kun samu abun farawa a kai. Ku goge bakin tub ɗin kafin ku murɗa murfin, in fenti ya bushe a zaren murfin iska zata riƙa shiga har farin ya daskare a ciki.